An taɓa yanke maka hukunci a kotu kuma kana neman aikin nas? Ga yadda za ka bi da lamarin

Kwanakin baya wata yarinya, ƙanwar ƙawata, ta same ni a gida bayan magariba da fom a hannunta, ta gama makarantar jinya ta ci jarrabawar kansil, wato hukumar da ke ba nas-nas lasisi, lasisinta ya fito, amma ta kwana uku ta kasa cike layi ɗaya, layin nan da ake tambaya ko kotu ta taɓa samunka da laifi. Ta ce "Anti, in na rubuta e shikenan sun jefar da takardata, in na rubuta a'a kuma zuciyata ba za ta kwanta ba." Abin da ya faru da ita faɗa ne da maƙwabciya a bakin famfo tun kafin ta shiga makaranta, aka fasa wa waccan goshi, magana ta je caji ofis ta wuce kotun majistare, aka ce mata ta amsa laifi kawai ta biya tara kowa ya huta, ta amsa ta biya ta dawo gida a ranar, ita a tunaninta magana ta mutu.

Na daɗe a aikin nan a Kaduna kuma na zauna cikin masu yi wa sabbin ma'aikata intabiyu a wani asibiti mai zaman kansa, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na faɗa mata dan na san ba ita kaɗai ba ce, akwai samari da 'yan mata da yawa da ke ɗauke da irin wannan a ciki ba su da wanda za su tambaya saboda kunya. Zan riƙa cewa "ka" amma maganar ta maza da mata ce.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan: tsohon hukunci yana rage maka ƙofofi, wannan gaskiya ne ba zan ɓoye maka ba, amma sau da yawa ba shi ke kashe mutum a aikin nan ba, ɓoyewar ce, dan ita ɓoyewa sabon laifi ne da ka aikata yau da hannunka a kan takarda mai sa hannunka.

Mataki na farko: ka san ainihin abin da ya faru da kai a shari'ance

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, kuma ruɗewar ta kan bi ta ɓangare biyu. Wani ba a taɓa yanke masa hukunci ba amma yana ta ɗar-ɗar kamar tsohon fursuna, wani kuma an yanke masa sarai amma bai sani ba.

Kamun 'yan sanda ba hukunci ba ne. Ko ka kwana a sel, ko an rubuta sitatimen, ko an yi belinka, in magana ba ta kai ga alƙali ya ce ya same ka da laifi ba to babu hukunci a kanka. Haka wanda aka kai ajiya gidan gyaran hali yana jiran shari'a, ko da ya yi wata takwas a ciki, in daga baya aka kori ƙarar ko aka sallame shi, wannan ba mai laifi ba ne a idon doka, sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifin. Sai dai ka lura akwai bambanci tsakanin a sallame ka kawai da a sallame ka a wanke ka. Na farko yakan faru in mai ƙara ya daina zuwa ko mai gabatar da ƙara bai kawo shaidu ba, kuma ana iya dawo da maganar wata rana, na biyun kuma kotu ta saurara ta ce ba ka yi ba, wannan ta rufu. Duk biyun ba hukunci ba ne, amma ya kamata ka san wanne ne naka.

To ga wanda ke kama mutane: tara. In ka tsaya gaban alƙali aka karanta maka tuhuma ka ce "na amsa", aka ce ka biya dubu kaza ko ka yi wata kaza, ka biya ka fita, wallahi wannan hukunci ne cikakke ko da ƙafarka ba ta taɓa taka gidan yari ba. Haka wanda aka ba aikin share-share ko wata hidimar al'umma a madadin ɗauri, haka wanda aka yi wa bulala da umarnin kotu, kuma ba ruwan doka da ko kotun majistare ce ko ta shari'ar Musulunci ko ta gargajiya. Yaran da EFCC ke kamawa kan damfarar intanet da yawa sukan yi yarjejeniyar amsa laifi dan a sassauta musu, suna fita suna murna an gama, alhali wannan yarjejeniyar hukunci ce da kotu ta tabbatar. Har kotun tafi-da-gidanka da aka yi ta kafawa a Kaduna lokacin kullen korona a 2020, wanda aka gurfanar a can ya biya tara shi ma ta bakin alƙali ya bi, duk da cewa ƙaramin abu ne da ba wanda zai ɗaga hankali a kai. Amma takardar tara da jami'an hanya suka rubuta maka ka je banki ka biya ba tare da ka ga alƙali ba, wannan daban, ba hukuncin kotu ba ne.

Sai wanda abin ya same shi yana yaro bai kai 18 ba, irin waɗanda aka kai gidan horon yara na Bostal da ke nan Kaduna. Dokar kare haƙƙin yara ta ƙasa ta 2003 ta ce bayanan shari'ar yaro sirri ne, Kaduna ma ta yi tata dokar a 2018. In naka irin wannan ne kar ka yanke wa kanka hukunci, ka kai wa lauya ya duba ya faɗa maka yadda za ka amsa tambayar fom.

Mataki na biyu: ka koma kotun ka karɓo takarda

Na san ba wanda ke son komawa wurin da ya sha kunya, amma dole ne. Ka je wurin rajistaran kotun da aka yi shari'ar, ka rubuta takardar neman kwafin hukuncin mai hatimin kotu, wanda ma'aikatan ke kira CTC, in da hali har da bayanan zaman kotun gaba ɗaya. Za ka biya kuɗi ka karɓi rasit, ka tabbata ka karɓi rasit ɗin. In kana da lambar shari'ar abin zai zo da sauƙi, in ba ka da ita ka tuna shekara da wata da sunan wanda ya yi ƙara da caji ofis ɗin da ya kawo maganar, da waɗannan za a iya lalubo fayil, sai dai ka yi haƙuri dan tsohon fayil ba ya fitowa rana ɗaya, za ka yi zirga-zirga.

Me ya sa na nace a kan wannan? Saboda abin da ka tuna da abin da aka rubuta sukan bambanta. Yarinyar nan ta ɗauka an rubuta mata faɗa ne kawai, da aka ciro takardar sai ga shi an rubuta jawo rauni, ka ga in da ta je ta ce wa masu intabiyu "cacar baki ce" su kuma suka ga takarda daga baya, ta zama maƙaryaciya ba da niyya ba. Kuma in wanke ka aka yi ko korar ƙarar aka yi, wannan takardar ita ce garkuwarka duk ranar da wani ɗan unguwa ya kai gulma wurin aikinka.

Kana karɓa ka kai wa lauya ya karanta. In ba ka da kuɗin lauya akwai hukumar ba da agajin lauyoyi ta gwamnatin tarayya, Legal Aid Council, ka nemi ofishinsu. Ka tambaye shi ko akwai hanyar ɗaukaka ƙara, musamman in an sa ka amsa laifi ba tare da an fahimtar da kai abin da kake amsawa ba ko ba a yi maka tafinta ba. Lokacin ɗaukaka ƙara ƙayyadadde ne kuma gajere, amma kotu na iya ƙara lokaci in an kawo dalili mai ƙarfi.

Mataki na uku: ka auna laifin da ma'aunin asibiti, ba da ma'aunin zuciyarka ba

A nan zan daɗe kaɗan dan nan ne zuciyar maganar. Mai ɗaukar nas aiki ba tambayar kansa yake ko kai mutumin kirki ne a gidanku ba, tambayarsa ita ce: zan iya barin wannan shi kaɗai da ƙarfe uku na dare da tsohuwar da ba ta cikin hayyacinta, da jaririn da uwarsa ke barci, da makullin kabad ɗin magunguna masu haɗari a aljihunsa, da biro a hannunsa yana rubuta abin da likita zai dogara da shi da safe? Duk wani tsohon laifi da wannan tambayar ake auna shi.

Laifin fyaɗe ko lalata da yara ko cin zarafin wanda ke ƙarƙashin kulawarka, wannan ba zan yi maka kwana-kwana ba, ka nemi wata sana'a. Tun 2019 akwai rajistar masu irin waɗannan laifuka ta ƙasa a hannun NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, kuma ko babu rajista ni da kaina ba zan sa hannu a ɗauki irin wannan ba, haƙƙin majinyaci ya riga naka. Tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa ne kuma ƙofarta a buɗe take, amma ɗakin yara ba wurin gwada tuban ba ne.

Sai laifin ƙwaya. Wannan ya yi yawa a cikin matasanmu, tiramadol, maganin tari mai kodin da gwamnati ta hana a 2018, wiwi da sauransu, kuma shari'ar NDLEA a babbar kotun tarayya ake yinta saboda haka takardunta ba sa ɓata da sauƙi. Akwai bambanci babba tsakanin wanda aka kama da 'yar kaɗan yana sha da wanda aka kama yana sayarwa. Mai sha da ya daina shekaru, yana da shaidar ya yi jinya ya warke, misali daga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ko wata cibiya da aka sani, kuma ya yarda a gwada fitsarinsa duk lokacin da aka so, wannan ana iya zama a yi magana da shi. Amma dan Allah ka yi wa kanka adalci, a asibiti allurar fentazosin, mai kashe zafin ciwo da mutum kan kamu da jarabarta, da ire-irenta a gabanka za su riƙa wucewa kullum, kuma mun ga abokan aiki da suka faɗa wannan ramin ba tare da suna da wani tarihi ba ma. In ka san har yanzu ranka na biyawa, ka nemi sashen da ba a ajiye irin waɗannan, ka faɗa wa metron, wato shugabar nas-nas, da bakinka kar a ba ka makulli. Wanda ya faɗi haka da kansa ni a wurina darajarsa ƙaruwa take.

Sata, damfara, cin amana da jabun takardu su ma suna da nauyi fiye da yadda mutane ke zato, wani lokacin ma sun fi faɗa nauyi, dan aikin jinya rabinsa rubutu ne da amana: awon jini, adadin maganin da aka ba, lokacin da aka ba, wayar majinyaci da kuɗinsa a ƙarƙashin filo. Wanda ya taɓa buga jabun satifiket zai sha wuya kafin a yarda da abin da ya rubuta a fayil.

Faɗa, tada hankali, laifin tuƙi, rigimar gado ko ta fili da ta rikiɗe ta zama shari'a, waɗannan su suka fi sauƙin bayani, musamman in sau ɗaya ne, kana ƙarami, kuma shekaru sun wuce ba a sake jin ka ba. Abubuwa huɗu ake dubawa a kowane hali: girman laifin, shekarunka a lokacin, tsawon lokacin da ya wuce, da abin da ka yi da rayuwarka tun daga nan.

Mataki na huɗu: kansil kafin asibiti

Ba asibiti ne ke mai da mutum nas ba, kansil ce, wato hukumar NMCN, wadda aka kafa da doka a 1979, ita ke yi wa ɗalibi rajista tun yana makaranta, ita ke shirya jarrabawa, ita ke ba da lasisi ana sabuntawa lokaci-lokaci. Dokarta ta sa kyawun hali cikin sharuɗɗan rajista, kuma tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da ke iya jan kunnen nas ko ta cire sunansa daga rajista in kotu ta same shi da laifin da bai dace da matsayin nas ba. Ka lura da lafazin, laifin da bai dace da aikin ba aka ce, ba kowane laifi ba, wato ana duba shari'a ɗaya-ɗaya ne.

Saboda haka in ba ka shiga makaranta ba tukuna, ko kwalejin jinya ta jiha da ke Kafanchan kake nema ko ta asibitin koyarwa na ABU ko digiri a jami'a, ka tsaya ka yi wannan lissafin yanzu kafin iyayenka su zuba kuɗin shekara 3 ko 5. In laifinka mai nauyi ne ka rubuta wa kansil wasiƙa ta hannun lauya ka bayyana halin da kake ciki ka nemi matsayinsu a rubuce. Ya fi ka gama komai sannan a tare ka a bakin ƙofa.

In kuma kana da lasisi ne abin ya same ka, kar ka zauna kana addu'ar kar su ji, ka sami shugabannin ƙungiyarmu ta nas-nas da ungozoma, NANNM, na reshenka da lauya ku tsara yadda za a sanar.

Mataki na biyar: ka nemi takardar wankewa ta 'yan sanda da kanka, tun ba a tambaye ka ba

Ita wannan takardar shaidar hali daga babbar rajistar masu laifi ta rundunar 'yan sanda take fitowa, wadda ke Alagbon a Legas, yanzu ana nema ta shafinsu na intanet na POSSAP, za ka sa lambar NIN ka biya sannan ka je a ɗauki hoton yatsunka. Ba ta daɗewa take tsufa, yawancin masu nema sabuwa suke so, amma duk da haka ka yi ta sau ɗaya dan ka ga abin da za ta nuna. Kuma kar ka ba ɗan cuwa-cuwa ya yo maka ba tare da ka dangwala yatsa ba, in ta fito jabu ka ƙara wa kanka laifi na biyu wanda ya fi na farko muni.

Yanzu ga inda ake jarabtar mutum. Zai iya yiwuwa takardar ta fito fes babu komai duk da an taɓa yanke maka hukunci, dan ba kowane hukuncin ƙaramar kotu ne ke isa rajistar ba. Sai shaiɗan ya ce maka ka ga ni, ba wanda ya sani, rubuta a'a. To ka tuna Kaduna ƙaramin gari ne in ana maganar asibiti, wanda ya yi aiki a Barau Dikko gobe yana Yusuf Ɗantsoho jibi yana Gwamna Awan, majinyacin da za a kwantar maka wata rana ɗan sandan da ya kama ka ne ko ƙanwar wanda kuka yi shari'a. EFCC da NDLEA kuma sukan sa suna da hoto a Facebook, abin da ya hau intanet ba ya sauka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma takardar koke guda ɗaya ta isa a buɗe fayil ɗinka.

Mataki na shida: ka zaɓi inda za ka fara ƙwanƙwasawa

Aikin soja da sauran masu kaki kusan a rufe yake, sanarwar ɗaukar aikinsu takan faɗa ƙarara cewa ba a son wanda kotu ta taɓa samu da laifi, kar ka ɓata kuɗin mota.

Aikin gwamnatin tarayya, irin su cibiyar ido ta ƙasa ko ta kunne ko asibitin koyarwa na Shika, ƙa'idojin aikin gwamnati sun ce wanda aka taɓa samu da laifi ba a ɗaukarsa sai da amincewa ta musamman daga hukumar da ke da ikon ɗauka, kuma dole mai nema ya bayyana, wanda ya ɓoye aka gano ana iya korarsa. Wato ba a ce haram ba, an ce sai an duba. Matsalar ita ce in mutum ɗari na neman kujera biyar, ba kowane jami'i ne zai ɗauki wahalar rubuta takardar neman amincewa saboda kai ba. A jiha ma ka sa ran irin wannan tambayar. Kuma kora daga aikin gwamnati tabo ne na daban da zai bi ka, dan fom na gaba zai tambaye ka ko an taɓa korarka.

Shi ya sa shawarata ka fara da asibiti mai zaman kansa ko na mishan ko ƙaramin kilinik inda mai wurin da kansa zai zauna da kai ya ji ta bakinka. Albashin ba yawa, aikin da yawa, na sani, amma shekara 2 ko 3 ba kweri ba ƙorafi da takardar yabo daga metron, wannan ita ce hujjar da ba lauyan da zai iya rubuta maka. Ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje kuwa suna da tsauri sosai kan duk abin da ya shafi yara da mata, sukan sa ka sa hannu a takardar bayyana tarihi.

Cike fom da zaman intabiyu

Ka karanta tambayar da kyau ka amsa abin da aka tambaya. In an ce "kotu ta taɓa samunka da laifi?" kai kuma kama ka kawai aka yi aka sake ka, amsarka a'a ce kuma gaskiya ka faɗa. In an ce "an taɓa kama ka ko gurfanar da kai?" to e ce, sai ka ƙara da yadda ta ƙare. In e ce a kan hukunci, ka rubuta e, ka ce bayani na haɗe, ka maƙala wasiƙa shafi ɗaya tak: abin da ya faru, shekarar, kotun, hukuncin, cewa ka cika shi, da abin da ka yi tun daga lokacin. Ka haɗa da CTC da rasit ɗin tara in akwai.

In ba a tambaya a fom ba fa? Ƙaramin abu irin na tuƙi ba sai ka tono ba. Amma in ya shafi ƙwaya ko kuɗi ko rauni, ni ina ganin ka nemi ganin metron ko shugaban asibitin kai da shi bayan an nuna ana sonka kafin ka sa hannu a takardar kama aiki, ka faɗa. Ji daga bakinka da ji daga bakin wani ba ɗaya ba ne ko kaɗan.

A wurin intabiyu abin da ya fi kashe mutane shi ne dogon labarin kare kai, sharri aka min, alƙalin an saye shi, maƙiya ne. Ko da akwai gaskiya a ciki, masu sauraro abin da suke ji shi ne wannan in ya yi kuskuren magani gobe zai ɗora wa wani. Ka faɗa a taƙaice, "Ranki ya daɗe, a shekara kaza na yi faɗa na ji wa wata rauni, kotu ta ci ni tara na biya, laifina ne, na je na ba ta haƙuri, tun daga nan ban sake ba, ga takardun." Ka yi shiru ka bari su tambaya. Masu tsaya maka kuma, malaminka na makaranta ko metron da ka yi firaktikal a ƙarƙashinta ko limami ko fasto ko mai unguwa, ka tabbata sun san labarin kafin su sa hannu, kar a kira mutum a waya ya ji abin a karon farko, ka kunyata shi ka kuma rasa shi.

Akwai hanyar goge tabon?

Hukunci ba ya gogewa da kansa dan shekaru sun wuce. Hanya ɗaya ita ce kotun sama ta soke shi. Ta biyu afuwa, shugaban ƙasa a laifin dokar tarayya ƙarƙashin sashe na 175 na kundin tsarin mulki, gwamna a laifin dokar jiha ƙarƙashin sashe na 212, kuma ana rubuta takardar nema ta hannun ma'aikatar shari'a zuwa kwamitin da ke ba da shawara kan afuwa. Amma ka bambance, sakin fursunoni da ake yi ranar bikin 'yancin kai ko wanda wani mai hali ya biya musu tara a watan azumi, sau da yawa rage wa'adi ne ko biyan tara kawai, hukuncin na nan. Ka duba abin da takardarka ta ce.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi takardar shaidar kyawun hali ga wanda ya zauna lafiya ya koyi karatu ko sana'a a ciki, ta kuma ce kar a nuna wa mai wannan takardar bambanci saboda zaman da ya yi. In ka yi zaman gidan ka koma ka tambayi jami'in walwala a kanta. Ba za ta tilasta wa kowa ya ɗauke ka ba amma tana ƙara wa fayil ɗinka nauyi.

Masu shirin fita waje

Nan kam sai ka yi taka-tsantsan kafin ka kashe kuɗin jarrabawa. Hukumar nas-nas ta Ingila tana neman ka bayyana tarihinka da takardar 'yan sanda, bizar ma'aikatan lafiya ma na neman shaidar daga duk ƙasar da ka zauna wata 12 ko fiye cikin shekara 10 da suka wuce, kuma wanda aka yanke wa ɗaurin wata 12 ko sama da haka dokar shige da ficensu ta ce a hana shi. Suna da dokar 1974 da ke sa tsohon hukunci ya daina bin mutum bayan wani lokaci, amma an cire aikin jinya daga wannan sassaucin. Saudiyya na tantance takardu har tushe ta hannun kamfanin DataFlow, Amurka kuma kowace jiha da hukumarta da ƙa'idarta, yawanci da binciken yatsu. Duk ejan ɗin da ya ce maka "bar wannan layin zan gyara", ka karɓe fasfonka ka tafi, dan ranar da aka gano kai za a ɗora wa jirgi ba shi ba.

Ita yarinyar da na fara da labarinta, mun zauna mun rubuta wasiƙar tare a daren, ta yi sati biyu tana zuwa kotu kafin CTC ɗin ya fito, ta je gidan tsohuwar maƙwabciyar tasu da mahaifiyarta suka gaisa. Wuri na farko da ta kai takardun ba su kira ta ba. Na biyun metron ta karanta wasiƙar a gabanta, ta tambaye ta yanzu in ɗan jinya ya zage ta a tsakiyar dare me za ta yi, ta ba ta amsa, aka ce ta zo ranar Litinin a fara gwada ta wata uku a sashen mata.